Sun maido min da makalata cikin kwana shida, in biya kuɗi a buga kawai?

Salamu alaikum Anti, da fatan kina lahiya ke da iyali. Ni malama ce a wata babbar makaranta nan Gusau, sashen nazarin zamantakewa. Mastas ɗina na yi shi kan adashin matan da rikicin 'yan bindiga ya koro daga ƙauyukan Maru da Anka da Tsafe sunka zauna cikin gari, na fi shekara ina bin su gida gida. Na ɗauko babi na huɗu na rage shi na tura ma wata mujallar antirofoloji (nazarin al'adu da rayuwar al'umma) ta waje, kwana shida editan ya maido min ko masu bita, wato masanan da ke tantance makala kafin a buga, bai ba ba, wai bayani ne zalla babu hujja, kuma ba ta yi magana da abin da ake tattaunawa a fannin ba. Wallahi sai da na yi kuka. Yanzu abokin aikina ya ce in daina wahal da kaina akwai mujallar da in na biya sati biyu ta fito har da satifiket, wani kuma ya ce in watsa ma mujallu uku lokaci guda wadda ta fara amsa shi ke nan. Ga ƙarin girma ya matso, ga wanda ya duba min mastas yana son sunanshi ya zo farko alhali bai taɓa zuwa wurin matan ba. Shin Turancina ne bai kai ba ko dai mu 'yan nan ne ba su so? Mi zan yi dan Allah?

Wa alaikumus salam ƙanwata, lahiya lau alhamdulillahi. Allah ya ba ki ladan zaman da kika yi da bayin Allahn nan, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Bari in fara da tambayarki ta ko Turanci ne ko mu ne ba su so dan na san ita ta fi ci miki rai. Eh gaskiya ne marubutan da ke zaune a Afirka ba su da yawa a manyan mujallun nan in aka haɗa da na Turai da Amurka, su kansu editocin sun sani suna kuma magana a kai, kuma wanda ke da laburare da wuta da hutun bincike ba ɗaya yake da ke da zaki koyar da aji cike da ɗalibai ki dawo gida ki ɗora tukunya ba. Ban musa wannan ba. Amma ba shi ya maido da makalarki ba, ba kuma Turanci ba ne, in da Turanci ne cewa zai yi ki nemi mai gyara miki harshe. Mutumin nan ya kira miki ciwon da sunanshi, ya ce bayani ne babu hujja, kuma tunda kika ce babi na huɗu kika yanko kika rage ni na yarda da shi tun ban ga takardar ba. Saurin da ya yi ma alheri ne, wani sai an riƙe mishi wata takwas sannan a faɗa mishi wannan maganar dai.

Kinga kundin digiri ana rubuta shi ne dan malamai uku ko huɗu su gamsu kin yi aiki, shi ya sa ake zuba komai, tebur, kashi kaza cikin ɗari sun ce kaza, sakamakon bincike na ɗaya na biyu na uku, a ƙarshe a ba gwamnati shawara. Ita makalar mujalla mutumin da bai san ki ba bai san Gusau ba zai karanta, yana zaune a Accra ko Landan ko Delhi, kuma abin da yake nema guda ne, wace magana ce wannan matar ta zo da ita wadda zata sa in sake tunani kan abin da na ɗauka na sani. Magana ɗaya tak, wadda zaki iya faɗa da Hausa cikin jimla biyu maƙwabciyarki ta gane, kuma wadda wani zai iya cewa a'a ban yarda ba. In babu mai iya musa abin da kika rubuta toh baki faɗi komai ba tukun. "Matan gudun hijira suna yin adashi dan su tallafi kansu" ba wanda zai musa, kowa ya sani.

Kuma wallahi kina da maganar a hannu, tana cikin littattafan da kika cika da rikodin ɗin wayarki, kundin ne ya binne ta. Ki duba, adashi a ƙauye a kan mi ya tsaya? A kan sani. Uwar adashi ta san gidan ubanki, ta san mijinki da gonarshi, ta san awakin da kike kiwo, in kika kwasa kika daina zubi ta san wurin wa zata kai ƙara, ke kuma kin san kunyar da zaki sha a gidan biki da gidan suna har ki tsufa. Toh yanzu ga mata a kango ɗaya cikin Gusau, wannan daga wajen Ɗansadau waccan daga wajen Anka, shekara biyu baya ba wadda ta san wata, ba gona ba akuya, gobe ana iya cewa mai kangon zai ci gaba da gini kowa ta watse, amma duk da haka suna haɗa kuɗin aikatau da na talla da na awara su danƙa ma mace ɗaya. Mi ya maye gurbin sanin nan? Wa ake yarda ta shiga, wa ke tsaya mata? Wa ake ba kwasar farko wa ake turawa ƙarshe, kuma su da bakinsu wane dalili suke badawa? In aka ɗauke ɗan wata ana neman kuɗin fansa ana tsallako da ita ta kwasa, in an tsallako wa ta haƙura da nata layin kuma mi ya biyo baya tsakaninsu? Wadda damina ta yi ta koma ƙauye noma ta bar zubi fa? Ya suka yi a watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a jihar, ya suka yi farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da tsabar naira ta ɓace sai tiransifa da mai POS? Ni tambaya kawai nake, ke kika zauna da su, amsar na wurinki. Amma a cikin ɗaya daga tambayoyin nan makalarki take, ki zaɓi wadda kika fi samun labarai masu nauyi a kanta ki bar sauran.

Sai rabin maganar editan na biyu, cewa baki yi magana da abin da ake tattaunawa ba. Kowace mujalla kamar tsakar gidan biki ce da aka daɗe ana hira kafin ki shigo, sai kin zauna kin ji inda hirar ta kai sannan ki sa baki. Kuma hirar adashi tsohuwa ce a antirofoloji. William Bascom ya rubuta kan esusu, wato adashin Yarbawa, tun 1952, Clifford Geertz a 1962 ya ce irin wannan ƙungiya matakala ce ta tsakiya da ke ɗaukar mutanen karkara zuwa tattalin arzikin zamani, Shirley Ardener a 1964 ta kwatanta su a ƙasashe da dama ta kuma bada ma'anar da har yau ake aiki da ita, Polly Hill da ta zauna a Batagarawa wajen Katsina ta rubuta a 1969 kan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida. Ki nemo waɗannan ki karanta da kanki, kar ki kwafo sunayensu daga manazartar wani, sannan ki bi waɗanda suka yi rubutu shekaru goman nan kan bashi da amana da gudun hijira da kuɗin waya. Google Scholar zai nuna miki wa ya ambaci wa, in kika buɗe akawun na kyauta a JSTOR, rumbun mujallu na intanet, zaki iya karanta har makala 100 a wata, wadda kika rasa kuma ki tura ma marubucin imel, yawanci da murna suke turowa. Abin da zaki lura, akasarin rubutun ya ɗauka adashi yana tafiya ne saboda an san juna kuma ana zaune wuri ɗaya. Ke kuma kin ga inda ba a san juna ba, ba a zaune, kuma yana tafiya, ko yana tafiya ta wata hanya daban, ko yana karyewa a wani wuri da ba a zata ba. Nan ne zaki sa baki. Ba jerin wane ya ce wane ya ce ake so ba, ana so ki ce sun ce kaza, ni a Gusau na ga kaza, dan haka ga abin da ya kamata a gyara.

Wajen rubutun kuma dan Allah ki bar matan su fito. Ki buɗe da yammacin wata ranar zubi da kika halarta, wa ta zo wa ta aiko yarinya, mi aka yi gardama a kai, ya uwar adashi ta yanke. Mata huɗu ko biyar da mai karatu zai san su ya bi su har ƙarshe sun fi tebur goma. Maganarsu ki kawo ta yadda suka faɗa kar ki wanke ta ta koma Turancin ofis, kalmomi irin adashi da zubi da kwasa ki bar su da Hausa ki yi bayani sau ɗaya. Ki faɗi watannin da kika yi, wane irin gidaje, da wane harshe, kuma ki faɗi ke wacece a idonsu, dan ke 'yar Zamfara ce eh amma kina da albashi kina da gida mai ƙofa, kuma na tabbata da farko wasu sun ɗauka ke ma'aikaciyar ƙungiyar agaji ce mai rubuta suna dan a kawo tallafi. Wannan ya shafi abin da suka faɗa miki da abin da suka ɓoye, masu bita kuma zasu tambaya, gara ki riga su. Shawarwari ga gwamnati ki cire su gaba ɗaya, ki ajiye ma wata takarda.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu sosai, dan ya fi ƙarin girma ya fi mujallar kanta. Ke kin san halin da ake ciki a jihar nan, kin san abin da ke samun wanda aka zarga da zama infoma, ta ɓangaren 'yan bindiga ko ta ɓangaren 'yan sa-kai ko jami'an tsaro. Matar da ta faɗa miki nawa suka haɗa suka kai daji, ko ta ce mijinta na can ƙauye yana biyan haraji dan a bar shi ya yi noma, ta faɗa miki ne a matsayin 'yar uwa, ba ta san ana iya buɗe maganar a waya daga ko ina a duniya har bayan shekara ashirin ba. Canja suna kaɗai bai isa ba. In kika ce bazawara mai 'ya'ya bakwai mai tuyar awara daga ƙauye kaza da ke zaune bayan makaranta kaza, kin nuna ta da yatsa ko da kin kira ta da wani suna. Ki canja sunan ƙauyen, ki tsaya kan ƙaramar hukuma ko ma ki ce yammacin jihar, unguwar Gusau ɗin kar ki ambace ta, yawan 'ya'ya da sana'a ki sauya inda ba zai taɓa hujjarki ba sannan ki rubuta a makalar cewa kin yi hakan dan kare su, editoci sun saba da wannan kuma suna girmama shi. Hoton fuska kar ki sa, hoton ƙofar kango ma kar ki sa. Rikodin ɗin ki kwashe daga wayar da kike yawo da ita ki sa a inda ke da makulli, kar ki tura su ta WhatsApp wai wani ya taya ki rubutawa. Ƙungiyar masana antirofoloji ta Amurka a ƙa'idojinta na 2012 abin da ta sa farko shi ne kar a cutar, mu kuma tun kafin su an koya mana amana. In akwai labarin da ya yi daɗin rubutu amma ba yadda zaki ɓoye mai shi, ki bar shi, ko shi ne mafi ƙarfi a duk abin da kika tara.

Ki koma wurinsu kuma kafin ki tura, ki faɗa musu da Hausa ga abin da zan ce a kanku, wasu zasu gyara miki kuskure wasu zasu ce cire nawa, ki cire. Mujallu suna tambayar takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a da kuma yadda kika nemi izini. Izinin baki karɓaɓɓe ne a wannan fanni musamman inda sa hannu a takarda ke tsorata mutane, ki dai bayyana yadda kika yi. In baki karɓi takardar kwamiti ba lokacin mastas ki faɗa ma editan gaskiya ki yi bayanin matakan da kika ɗauka, kar ki yarda wani ya buga miki ta bayan fage da tsohon kwanan wata.

Toh wace mujalla. Kar ki zaɓa dan suna, ki duba inda waɗanda kike gardama da su suke bugawa. Africa, ta cibiyar International African Institute, tun 1928 take fitowa kuma tana son irin aikin zama da mutane ɗin nan. Akwai Economic Anthropology in hujjarki ta karkata wajen kuɗi da amana, akwai Journal of Refugee Studies in ta karkata wajen gudun hijira, akwai Africa Spectrum ta Jamus da kowa ke karantawa kyauta, akwai Africa Development ta CODESRIA, cibiyar binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar. Ki rubuta uku a jere ta ɗaya ta biyu ta uku, ki karanta makala biyar ko shida na shekaru biyun nan daga ta farkon, ki lura da yadda suke buɗewa, a wane shafi suke faɗin hujjarsu, nawa ne labari nawa ne nazari. Sai ki buɗe shafin ƙa'idojin marubuta ki bi shi sau da ƙafa. Yawancinsu tsakanin kalma 8,000 da 10,000 suke so amma kowace da nata, har da ko manazarta na cikin lissafin. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke saman makala, kalma 150 zuwa 200, kuma shi editan ke fara karantawa wani lokaci shi kaɗai, dan haka hujjar ta fito a ciki ƙarara. Salon manazarta in sun ce Chicago kar ki kai APA, ki sauke Zotero kyauta ne zai jera miki. Saboda masu bita ba sa sanin marubuci ke ma ba ki sanin su, ki cire sunanki da na makarantarki da godiya daga fayil ɗin, har cikin bayanan fayil na Word inda sunan mai kwamfuta ke maƙalewa. Ki yi rajistar ORCID, lambar shaidar mai bincike ce mai alƙaluma 16, kyauta, dan masu suna irin naki suna da yawa. Wasiƙar rakiya kar ta wuce shafi ɗaya, ga hujjata, ga dalilin da ta dace da ku, daga kundin mastas ɗina ta samo asali, ba a buga ta ba kuma ba ta gaban wata mujalla.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce amsar mai cewa ki watsa ma uku. Wajen turawa a shafin mujallar zaki danna cewa kin tabbatar ba ta wani wuri, in kika yi ƙarya kin yi ƙarya, kuma masu nazarin ƙasar Hausa a duniya ba su da yawa, abu ne mai sauƙi mujallu biyu su tura ma mutum ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake yi.

ChatGPT da 'yan uwanshi, tunda na san za a ce miki ki yi amfani da su. Suna ƙirƙiro manazarta da babu su a duniya da sunan marubuci na gaske, mai bita ɗaya ya gano shi ke nan an daina yarda da sauran. Mujallu ba sa karɓar su a matsayin marubuci kuma da yawa suna so a bayyana in an yi amfani da su. Hirar matan nan kam ko layi ɗaya kar ki zuba a ciki.

Sai mai sati biyu da satifiket. Ƙanwata ki yi lissafi da kanki, edita zai karanta, ya nemo masana biyu ko uku da zasu yarda su duba kyauta a kan nasu aikin, su karanta su rubuto, ke ki gyara, a sake dubawa. Wata uku zuwa shida kafin amsar farko ba abin mamaki ba ne, fitowa kuma shekara ko fiye. Wanda ya ce sati biyu ba wanda ya karanta, kuɗin kawai aka karanta. Alamarsu ba ta ɓuya, su ke bin ki da imel suna yabon aikin da basu gani ba, suna mai tsawo da ya haɗa injiniyanci da likitanci da adabi a mujalla ɗaya, adireshin ƙarya, lambar tasiri ta ƙarya, wato wadda ke nuna yawan ambaton mujallar. Kar ki yarda da tambarin da suka manna a shafinsu, ki je jerin mujallun da aka tantance na Scopus da kanki ki buga sunan, ki duba DOAJ mai jerin mujallun da ake karantawa kyauta, na Afirka ki duba rumbun AJOL, akwai kuma shafin Think Check Submit mai jerin tambayoyi. Ba kuma nace duk mai karɓar kuɗi ɗan damfara ba ne, mujallun sassan jami'o'inmu da yawa suna karɓar kuɗin tantancewa da na ɗab'i dan da shi suke rayuwa, wasunsu kuma suna bita ta gaske suna maido da gyara ja wur. Abin tambaya shi ne wa ya karanta, mi ya ce. Manyan na waje kuma da yawa ba sa karɓar ko sisi in kika bi hanyar da aka saba, inda ake biya dan a buɗe ma kowa akan yafe ko a rage ma marubutan ƙasashe irin namu, ki tambaya kafin ki tura.

Abin da ya fi damuna da masu sati biyun nan ba kuɗin ba ne. In makalar nan ta fito a can ta fito ke nan, ba mujallar kirki da zata sake karɓarta, ba wanda zai karanta ba wanda zai ambata, shekarar da kika yi kina shiga kangaye ta tafi a kan maki ɗaya ko biyu. Kuma makin ma ba tabbas, jami'o'i na ƙara tsaurarawa, ranar da takardunki zasu fita wurin masu tantancewa na waje dan manyan muƙamai su zasu fara zagaye irin waɗannan da jan biro.

Bazan ɓoye miki ba, wannan makalar ba zata riski ƙarin girman bana ba in kika yi ta yadda ya kamata. Abin da zaki iya, ki ɗauko wata tambaya daban daga kundin, misali aikatau da yadda ake biyan su, ko wahalar yin bincike a inda mutane ke tsoro, ki rubuta gajera mai tsabta ki kai mujallar wata jami'a ta gida da kika tabbatar ana bita, Sakkwato ko Zariya ko Kano akwai su. Ta zama daban da gaske fa, ba wai ki canja take ki juya sakin layi ba. Ki duba kundin sharuɗɗan aikin makarantarku ko suna karɓar wasiƙar amincewa kafin fitowa, wasu na karɓa. In duk da haka bana ta wuce ki, ta wuce, da ciwo na sani ga tsadar rayuwa, amma shekara ɗaya ce.

Kafin ki tura babbar ki ba mutum biyu su karanta, ɗaya ɗan fanni ɗaya wanda bai san komai kan Zamfara ba, ki ce kowa ya faɗa miki hujjarki da bakinshi, in suka faɗi abu biyu daban da sauran aiki. Ki sa ido kan bitar rubutu da ƙungiyar nazarin Afirka ta Birtaniya wato ASAUK kan shirya tare da editoci a ƙasashen Afirka har da Najeriya, da taron Lagos Studies Association na kowace shekara, a irin wuraren nan ake samun mai karanta ma mutum tsakani da Allah.

In amsa ta zo aka ce ki gyara ki sake turowa, wannan labari ne mai daɗi ko da wasiƙar ta kai shafi biyar kuma mai bita na biyu ya yi zafi, kusan duk makalar da kika gani a buge ta bi ta nan. Ki ajiye ta kwana biyu zuciya ta sauka, sai ki jera kowace magana da suka yi da abin da kika yi a kai da lambar shafi. Inda suka yi kuskure kan abin da kika fi su sani, misali suka fahimci kulle ko biki a karkace, kar ki bi su dan tsoro, ki yi bayani cikin ladabi da hujja, ki kuma gyara wurin dan alama ce baki fayyace ba. In wata uku ko huɗu suka wuce shiru ki tura imel gajere ki tambaya. In suka ƙi, ki ɗauki abin amfani a maganarsu ki wuce ta biyu a jerinki.

Saura Malam da ya duba miki mastas. A antirofoloji abin da aka fi sabawa wanda ya zauna da mutane ya rubuta shi ke da makala, sau da yawa shi kaɗai, kuma ƙa'idar mujallu ita ce sunan wanda ya sa hannu a tunani da rubutu ne ke hawa, duba kundi kaɗai wurinshi sashen godiya. Amma ke zaki zauna da shi, wataƙila shi zai rubuta miki takardar shaida in zaki digiri na uku, dan haka kar ki yi ta waya kar ki yi a gaban mutane. Ki je ofishinshi ki gaishe shi, ki nuna mishi wasiƙar editan, ki ce Malam an ce sai an sake gini daga tushe ga abin da nake shirin yi, ina neman shawararka. Ki faɗa mishi mujallar na tambayar abin da kowane marubuci ya yi, dan da yawansu suna tambaya. In ya ɗauki ɓangaren nazari ya karanta su Geertz ya rubuta da hannunshi, ya ci sunanshi, na biyu bayan naki tunda aikin fili naki ne. In ba shi da lokaci, ki gode mishi da kyau a sashen godiya, ki kuma ba shi shawarar ku haɗa ƙaramar ta gida tare da gaske, ya rubuta rabi ki rubuta rabi. In ya dage sai sunanshi a farko ba tare da ya rubuta komai ba, ki samu wata babbar malama ko shugaban sashe da yake jin nauyi su yi mishi magana, ke kuma kar ki ba shi rikodin ko sunayen matan ko da ya tambaya, dan ke suka ba ba shi ba.